Ku Tambayi Likitan Haƙori: Bakin Yaron da Ba Ya Iya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan wata, dukkansu daga jihar Gombe, kuma dukkansu a kan yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ko ta jijiyoyi ta hana su kula da bakinsu da kansu. Na taƙaita wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

Tambaya: Likita, assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara bakwai. Lafiya ƙalau na haife ta, har ta fara kiran Baba tana riƙe kofi da kanta, amma da ta shekara ɗaya da 'yan watanni sai komai ya soma komawa baya. Yanzu ba ta magana, kullum tana murza hannuwanta kamar mai wanki tana cusa su a baki. Bayan mun sha yawon neman magani, likitan yara ya ce alamunta na cutar Rett ne. Abin da ya dame ni yanzu shi ne bakinta. Wuni take tana gurza haƙora har na tsakar gida yana ji, da na kawo buroshi sai ta datse baki, kuma kwanan nan ta daina cin tuwo tana kuka cikin dare. Surukata ta ce in bar ta ta ji da abin da ke damunta, tunda haƙoran yarinta ne za su zube. Shin haka ne? Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yarinyar sauƙi, ya ƙara miki juriya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki, wato barin cin tuwo da kukan dare. Yaro mai magana yakan dafa kuncinsa ya ce nan ke yi masa ciwo. Yarinya irin taki kuwa halinta ne ke magana a madadinta, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne duk sabon halin da irin waɗannan yara suka nuna sai a jingina shi ga lalurar ƙwaƙwalwar, a ce ciwon ne ya motsa. Na sha ganin yaron da aka yi makonni ana ɗirka masa magani saboda yana dukan fuskarsa, da aka buɗe bakinsa sai aka tarar turmi ne ya ruɓe har ya tara mugunya a gindinsa. Saboda haka yau da rana ki zaunar da ita inda akwai haske, ki ɗaga leɓenta na sama, ki ja kumatunta gefe da yatsa, ki haska da tocilan ɗin waya. Ki nemi rami ko baƙin tabo a kan turame, ko ɗan ƙurji a dasashi, ko wari da ya saɓa wa na kullum. Ko kin ga wani abu ko ba ki gani ba, a kai ta sashen haƙori cikin wannan mako. Idan kuwa kunci ya kumbura, kumburin ya doshi ido ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta fara gagararta, to wannan ba a jiran gari ya waye.

Surukarki tausayin jikarta ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma da lalama ya kamata a fahimtar da ita. Haƙoran yarinta guda 20 ne. Famfara takan fara da na gaba wajen shekara shida, amma turamen yarinta suna nan ana tauna da su har shekara goma zuwa goma sha biyu, don haka ruɓaɓɓen turmi a bakin 'yar shekara bakwai ciwo ne na shekaru idan aka ƙyale shi. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi: wajen shekara shida turame huɗu na dindindin suna tsirowa a can ƙurya, bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Ana ɗaukarsu na yarinta ne a yi sakaci da su, alhali su ne ba su da madadi. A shekarun 'yarki, da wuya idan ba su riga sun fito ba. Yarinyar da cin abinci dama yake mata wahala, idan ciwon haƙori ya ƙara hana ta, rama ce za ta biyo baya, kuma ramar ita ke buɗe ƙofa ga sauran cututtuka.

Game da cutar kanta, wani likitan yara ɗan ƙasar Austiriya mai suna Andreas Rett ne ya fara bayyana ta a 1966, sannan a 1999 aka gano cewa sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira MECP2 ne ke haddasa yawancinta. Kusan 'yan mata kaɗai take samu, kimanin ɗaya cikin dubu goma, kuma a kusan dukkan lokuta sauyin yana aukuwa ne haka kawai, ba tare da an gaje shi ba. Na kawo wannan ne domin na san irin maganganun da ake yaɓa wa uwa a gidajenmu idan aka haifi yaro mai irin wannan lalura. Babu abin da kika ci ko kika taka da ciki da ya jawo ta. Gurzar haƙora da rana tana cikin sanannun alamunta, kuma takan ragu yayin da yarinya ke girma. Tsawa ba ta hana ta, domin ba da gangan take yi ba. Abin lura shi ne ko haƙoran sun cinye har ruwan sanyi yana sa ta zabura. Akwai wata roba da ake aunawa a sa a kan haƙora don kare su, amma ga yarinyar da take famfara, wadda kuma za ta iya shaƙewa da abin da ya suɓuce a bakinta, likitan da ya duba ta ne kaɗai zai yanke hukunci a kai. Kada ki sayi irin ta 'yan dambe ki sa mata.

Yanzu sai batun gogewa, wanda shi ne ginshiƙin komai. Kada ki fuskance ta gaba da gaba da buroshi a hannu. Ki shimfiɗa tabarma ki jingina da bango, ki zaunar da ita tsakanin ƙafafunki ta juya miki baya, kanta ya kwanta a ƙirjinki, haɓarta ta ɗan sunkuya ƙasa. Kada a kwantar da ita rigingine, saboda ruwan da ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu yana jawo nimoniya, kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin bakin da ba a gogewa suna daga cikin masu haddasa ta. Hannunki na hagu ya tallafi haɓa, babban yatsa yana jan leɓe, na dama ya riƙe ƙaramin buroshi mai laushi irin na jarirai. Idan ta datse baki, ki bar shi a datse: bayan haƙora na waje, inda suka haɗu da dasashi, duk ana iya goge shi baki a rufe idan aka ja kumatu gefe, kuma nan ne datti ya fi taruwa. Sau da yawa idan ta ji ba a tilasta mata ba, muƙamuƙin yakan saki da kansa, sai ki shiga ciki. Idan ana buƙatar abin tokare baki, a haɗa 'yan katakon nan da ake danne harshe da su a asibiti guda huɗu ko biyar, a naɗe su da bandeji da filasta, a sa a gefe tsakanin turame bayan ta buɗe da kanta. Kada ki taɓa sa yatsarki tsakanin turamenta, kada kuma a yi amfani da cokali.

Makilin kuwa, ki duba jikin kwalinsa ki tabbatar yana da sinadarin fulorayid mai kare haƙori daga ruɓa, za ki ga an rubuta 1000 ko 1450 ppm. Tunda ba ta iya tofarwa, ki shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, kada ki jiƙa buroshin da ruwa don kada kumfa ta yi yawa, in kin gama ki share kumfar da ƙyalle mai tsabta, ba tare da kuskure baki ba. Sau biyu a rana, kuma na dare shi ne wanda ba a ɗaga masa ƙafa, domin miyau yana raguwa lokacin barci, shi ne kuwa yake wanke haƙora da rana. Kafin ki goge, ki duba lungun kumatunta, saboda irin waɗannan yara sukan ɓoye lomar tuwo ko shinkafa a nan har awanni. Idan ta yi amai ko abinci ya dawo mata, ki share bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle ki jira kamar rabin awa, don tsamin ciki yana tausasa fatar haƙori, gogewa nan take kuma tana kankare ta. Minti biyu ake so, amma idan a makon farko daƙiƙa ashirin kika samu, ki karɓa. Ki riƙe lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, har da 'yar waƙar da take so, domin yara masu cutar Rett suna fahimtar abubuwa fiye da yadda suke iya nunawa, kuma idanunsu suna gaya wa mai kula abubuwa da yawa.

Asuwaki mai laushi yana da amfani da rana, matuƙar ana lura kada zarensa ya gutsure mata a baki. Duk lokacin da na ga uwa tana wannan hidima nakan tuna abin da ya zo a Bukhari, cewa a rashin lafiyar Manzon Allah (SAW) ta ƙarshe, Nana A'isha ce ta karɓi asuwaki ta tausasa masa shi, sannan ya goge bakinsa. Kula da bakin mara lafiya aiki ne mai asali a wurinmu.

Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, haka ma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ga waɗanda suka fi kusa da Bauchi. Ki je da sassafe kafin ta gaji, ki ɗauki kwalayen duk magungunan da take sha. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin a fara sallamarsu a layi, don haka kada ki ji nauyin yi wa ma'aikacin kati magana. Ki tambaya ko za a shafa mata fulorayid mai danƙo, a kuma toshe tsagin sababbin turamen nan kafin su ruɓe. Akwai kuma wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a ramin haƙori ya tsayar da ruɓa ba allura ba injin huda. Yana mai da wurin baƙi, amma ga yaron da ba ya iya zama a kujera rahama ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Bayan wannan zuwan, a riƙa dawo da ita duk wata uku zuwa shida ko da babu ciwo.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara tara yana da farfaɗiya tun yana jariri, da fararen tabo a jiki da ƙananan ƙuraje a fuska, aka ce wata lalura ce da ba a cika samu ba. Tun da aka ɗora shi a kan Epanutin dasashinsa ya yi tsiro har ya kusa rufe haƙoran gaba, da an taɓa sai jini. Maƙwabcina ya ce in kai wa wanzami ya yanke, ni kuma ina tunanin dakatar da maganin. Sannan watan jiya haƙorinsa ya karye da aka sa masa cokali lokacin da ciwon ya tashi. Daga wani mahaifi, Bajoga.

Amsa: Malam, don Allah kada ka dakatar da maganin nan ko na kwana ɗaya da ra'ayin kanka. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, kuma wannan tana kisa. Ka yi gaskiya cewa maganin ne sila, domin sinadarin fenitoyin da ke cikin Epanutin yana sa dasashi tsiro ga kusan rabin waɗanda suka daɗe suna shan sa, kuma ya fi yawa a yara, yakan kuma fara daga tsakanin haƙoran gaba cikin watannin farko. Alamun da ka zayyana sun yi kama da lalurar da likitoci ke kira tubaros sikilarosis, wadda ita ma takan kawo ƙananan tsiro a dasashi da ɗigon ramuka a fatar haƙori, don haka mai yiwuwa abu biyu ne suka haɗu. Ka koma wurin likitan da ya rubuta maganin ka nuna masa bakin. Akwai wasu magungunan da za a iya sauya masa, a hankali ana rage wannan ana ƙara wancan.

Abin da ke hannunka shi ne tsabta, domin dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori shi ke rura tsiron. Iyaye sukan daina gogewa idan sun ga jini, alhali jinin alama ce ta kumburin da rashin gogewar ya kawo. Idan aka dage da buroshi mai laushi safe da dare, jinin yakan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. A kai shi a yi masa wankin haƙori a cire kantar da buroshi ba ya iya cirewa. Likita na iya rubuta ruwan wanke baki irin su Corsodyl, wanda za a jiƙa ƙyalle da shi a shafa a dasashi na 'yan kwanaki, tunda yaron ba lallai ya iya kuskurewa ya tofar ba, kuma daɗewa a kansa yana rina haƙora. Idan tsiron ya hana tauna, ana rage shi da ƙaramar tiyata. Aikin wanzami kuwa ban yarda da shi a nan ba, duk da girman da nake ba wa masu sana'ar. Dasashi wuri ne mai yawan jini, aska tana iya ɗauko ciwon hanta ko sandarewar jiki, kuma muddin sila tana nan tsiron zai dawo. Ga iyayen da 'ya'yansu ke shan Epilim, wani maganin farfaɗiyar, shi ma akwai abin lura, domin yana iya rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, saboda haka akan nemi gwajin jini kafin cire haƙori.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafi kowane gida irin naka shi ne magungunan ruwa na yara. Yawancinsu akwai sukari a ciki, kuma yaron da ke shan su sau biyu ko uku kullum shekara da shekaru, na ƙarshen kuma dab da barci, tamkar ana kwana da alawa ne a bakinsa. A ba da maganin dare kafin a goge baki, a bi shi da kurɓin ruwa, a kuma tambayi mai ba da magani ko akwai irinsa mara sukari. Kada a daka ƙwaya a dama da zuma sai an tambaya, saboda wasu an yi su ne su narke a hankali cikin sa'o'i.

Cokali kuwa, haƙorin ɗanka ya riga ya ba da shaida. Mutum ba ya haɗiye harshensa lokacin farfaɗiya. A kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, idan kuma jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Karyayyen haƙorin a kai a duba ko da ba ya ciwo, don jijiyarsa tana iya mutuwa daga baya. Idan wata rana haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta, a jefa shi cikin madara mai sanyi a isa asibiti cikin awa ɗaya, ana iya mai da shi gurbinsa. Na yarinta ba a mai da shi. Idan kuma an nemi haƙorin an rasa, a gaya wa likita, domin yana iya kasancewa ya faɗa hanyar numfashi.

Tambaya: Likita, ina riƙon ɗan ƙanwata mai shekara biyar, wanda shawara ta taɓa ƙwaƙwalwarsa yana jariri, ba ya zama ba ya tafiya. Haƙoransa duk sun rine, wasu kamar tsatsa. An ce mini ruwan garinmu ne, kuma makilin yana ƙara abin. In daina sa masa? Daga wata malama, Kaltungo.

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya. Gaskiya ne cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a wasu sassan Kaltungo yana da fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, kuma shan sa lokacin da haƙora ke ginuwa, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, yana barin farin zane ko launin ƙasa-ƙasa da ba ya goguwa. Sai dai a yaron nan akwai wasu dalilan. Shawara mai tsanani a kwanakin farko tana iya rina haƙoran yarinta su yi kore-kore, ta kuma bar fatarsu da rauni. Maganin ƙarin jini na ruwa yana sa baƙin tabo wanda wankin haƙori ke cirewa. Kafson tetirasaikilin, mai ja da rawaya, da ake saya a kemis a ba yara don gudawa, yana rina haƙora har abada, kuma bai halatta ga yaro ƙasa da shekara takwas ba. Hanya mai sauƙi ta bambancewa ita ce tabon da ruwan sha ke kawowa yana da tauri kuma yana kan haƙora da yawa iri ɗaya, ruɓa kuwa tana da laushi tana yin rami.

Kada ki daina makilin. Haƙori mai raunin fata ya fi kowane buƙatarsa, kuma ƙwayar shinkafa ɗaya da aka shafa aka share ba ita ce matsalar ba. Ruwan sha ne ya kamata a duba: a nemi a gwada na rijiyar burtsatsen da kuke ɗiba, idan ya yi yawa a sauya wa yaron da na wani wuri don sha da damun kunu. Tafasawa ba ta cire fulorayid, tana ma ƙara masa kauri. Tunda kin ce ba ya tafiya, ki sa ido kan nauyinsa da allurar rigakafin ƙyanda, kuma duk gyambon dasashi mai wari a jikin yaro ramamme a kai shi asibiti a ranar, saboda haka cutar noma mai zaizaye baki da kumatu take farawa, kuma yara 'yan shekara biyu zuwa shida ta fi kamawa.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara huɗu ba ya iya zama, jikinsa yana murɗewa, kuma tun da haƙoransa suka fito yake cizon leɓensa da yatsunsa har leɓen ƙasa ya gutsure. Yana kuka amma ba ya dainawa. Dangi sun ce ɗan ruwa ne, wasu sun ce a riƙa dukansa zai bari. A asibiti an ce za a sa shi barci a cire masa haƙoran gaba, mahaifinsa ya ƙi, yana tsoron ba zai farka ba. Daga wata uwa, Kumo.

Amsa: Baiwar Allah, wasiƙarki ta taɓa mini zuciya. Ɗanki ɗan mutum ne mara lafiya, kuma kada a ƙara barin kowa ya ɗaga masa hannu. Akwai wata cuta mai suna Lesch-Nyhan, wadda wani likitan yara da ɗalibinsa a Amurka suka bayyana a 1964, da take samun 'ya'ya maza kusan su kaɗai. Jikin yaron yana rasa wani sinadari, sai wani gishiri mai tsami ya taru masa a jini, har wasu iyaye kan ga abu kamar yashi mai launin lemo a ƙyallen fitsarinsa. Masu ita suna jin zafi kamar kowa, ba sa son cizon, ƙwaƙwalwa ce ke tilasta musu, kuma duka da tsawa suna ƙara shi. Akwai wasu lalurorin da ke kawo irin wannan cizo, don haka ki gaya wa likitan yara idan kin taɓa ganin yashin nan, ko idan an taɓa samun yaro mai irin haka a cikin 'yan uwanki maza ko 'ya'yan 'yan uwanki mata, domin ta wajen uwa ake gadonta. Gwajin jini da na fitsari yana nuna hanya, kuma akwai maganin da ke kare ƙoda daga gishirin, ko da yake ba ya hana cizon.

Kafin a kai ga cire haƙori akan gwada naɗe hannuwa da safa mai kauri, ko abin da ke hana gwiwar hannu lanƙwashewa zuwa baki, da robar da ke raba haƙori da leɓe. Yawancin irin waɗannan yara hankalinsu yana kwanciya idan aka kare su daga kansu. Amma idan leɓe ya fara gutsurewa kamar yadda kika ce, to shawarar da aka ba ku tana kan hanya, kuma da ɗana ne da na amince. Naman leɓen da ya tafi ba ya tsirowa, gyaransa kuma tiyata ce mai wuya, alhali yaro yana cin kunu da tuwo mai laushi ba tare da haƙoran gaba ba. Sai dai a sani cewa na dindindin za su fito daga wajen shekara shida, sannan a sake zama a duba halin da ake ciki.

Tsoron maigidanki tsoro ne na uba, kuma yana da haƙƙin a zauna da shi a yi masa bayani. Ku nemi ganin likitan da ke sa barci kafin ranar aikin, ku je tare. Maganin barci yana da haɗari, musamman ga yaro mai matsalar haɗiya ko farfaɗiya, shi ya sa ake yin sa a babban asibiti inda akwai iskar oksijin da na'urar lura da numfashi da bugun zuciya, kuma shi ya sa ake amfani da damar a gyara duk abin da ke bakin a zama ɗaya. Haɗarin da ya fi wannan shi ne abin da wasu ke yi a gida, na sayen maganin sa maye ko na mura a kemis don yaro ya lafa. Wannan yana iya danne numfashi babu mai gani. Za a gaya muku lokacin da zai daina cin abinci, yawanci awa shida kafin aikin, da lokacin da zai daina shan ruwa, kuma ku bi wannan sau da ƙafa ko da yana kukan yunwa, domin abin da ke ciki yana iya dawowa ya shiga huhu. Idan yana shan maganin jijjiga ku tambayi yadda za a ba shi na safiyar ranar, don ba a tsallake shi. Idan kuma ya tashi da tari ko zazzaɓi a makon, ku faɗa tun kafin ku baro Kumo, a ɗaga aikin zuwa lokacin da ƙirjinsa ya washe.